Na Fita Daga Coci Ana Cikin Karatu, Zan Iya Cin Jibin Ubangiji a Haka?

Mama, gaisuwa a cikin sunan Ubangiji. Ni 'yar Lutheran ce, asalinmu daga wajen Numan, aiki ne ya kawo maigidana Gombe, muna zaune a Tumfure. A watan Nuwamba muka yi rashin ɗanmu mai shekara 6, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Da Kirsimeti ta zo na daure na dafa shinkafa na aika wa maƙwabta kamar yadda muka saba, saboda 'yan matan nan biyu da suka rage mini. Amma ranar Lahadin da ta biyo baya fasto ya karanta labarin yadda Hirudus ya sa aka kashe yaran Baitalami. Ban san lokacin da na tashi na fita ba, kuma tun ranar ban koma ba. Maigidana ya ce na ba shi kunya, wai mai bi na gaskiya ba ya kuka kamar marar bege. Yayarsa kuma ta ce in bi ta wurin wani mai addu'a da zai faɗa mini wanda ya sa hannu a mutuwar yaron. Addu'a ba ta fita a bakina, in na buɗe Littafi ido kawai nake bin sa da shi. An sanar za a ci Jibin Ubangiji, ni kuwa zuciyata cike take da fushi, har da Allah. Kayan Kirsimetin yaron da tela ya aiko suna nan cikin leda ban buɗe ba. Mama, na yi zunubi ne? Zan iya zuwa teburin a haka?

Wata uwa daga Tumfure, Gombe

'Yata, sannu. Sannu da wannan babban rashi. Ubangiji ya riƙe ki, ya riƙe maigidanki da 'yan matan nan.

Tambayarki ta ƙarshe ta fi gaggawa, don haka ita zan fara amsawa: ki je. Ki je teburin a yadda kike, zan dawo kan dalili. Ta farkon kuma, a'a, ba ki yi zunubi ba. Uwar da ta binne ɗanta wata ɗaya da 'yan kwanaki, aka karanta labarin kisan yara a kunnenta, ƙafarta ta ɗauke ta ta fita, wannan ba abin kunya ba ne ko kaɗan. Kin ji karatun ne da gaske. Da yawa daga waɗanda suka zauna har aka tashi, ta kunnen dama ya shiga ya fita ta hagu, hankalinsu na kan miyar da ta kwana.

Mutanenmu sun ɗauka Kirsimeti kwana ɗaya ce, ko biyu in an haɗa da washegari da ake yawon gaisuwa. An yanka kaji, yara sun zaga gidaje da sababbin kaya, motocin Numan da Yola sun kwashi mutane sun dawo da su, shi ke nan sai maganar kuɗin makaranta. A kalandar ikilisiya kuwa, wadda Lutheran suka gada tun kafin a haifi Martin Luther, Kirsimeti kwana 12 ce, daga 25 ga Disamba har 5 ga Janairu, sannan ranar 6 a shiga Bayyanuwa, ranar da ake tuna zuwan masana taurari daga gabas. To ki dubi abin da aka jera a cikin kwanakin nan. Ranar 26, ana gama murnar haihuwa, sai tunawa da Istifanas, wanda aka jajjefe shi da duwatsu har ya mutu, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 7. Ranar 28 kuma ta yaran Baitalami ce, kuma an fi shekara 1,500 ana kiyaye ta. Waɗanda suka tsara wannan ba mutanen da suka rasa abin karantawa ba ne. Mutane ne da suka binne 'ya'ya fiye da yadda muke binnewa yau, suka kuma san cewa a kowace majami'a, a mako na farko bayan Kirsimeti, akwai matar da ba ta iya buɗe baki ta yi waƙa. Karatun nan nata ne ita ma. Fastonku bai zaɓe shi don ya fama miki ciwo ba.

Ko da yake, tunda fastoci ma suna karanta wannan shafi, bari in faɗa musu: in ka san akwai sabon rashi a cikin tumakinka, kuma ka san abin da za ka karanta ranar Lahadi, ka taka zuwa gidan ranar Juma'a ko Asabar ka sanar da su. Wannan bai kai kuɗin kabu-kabu na zuwa da dawowa ba.

Ina so ki sake duba wurin, ba yau ba, ranar da kika ji za ki iya. Matiyu 2:13-18 ne. Za ki ga Matiyu bai yi wa iyayen yaran nan wa'azi ba. Bai ce su yi haƙuri ba, bai ce akwai darasi a ciki ba. Abin da ya yi kawai, ya ɗauko maganar annabi Irmiya ya ajiye a wurin: an ji murya a Rama, kuka da makoki mai zafi, Rahila ce take kukan 'ya'yanta, ta ƙi a ta'azantar da ita, don ba su. Ta ƙi. Kuma babu inda aka tsawata mata. In kika koma Irmiya sura 31 inda aka ɗauko maganar, aya ta 15 ce, ta 16 da 17 kuma suna biye, inda Ubangiji ya ce akwai bege a gaba, 'ya'yan za su komo ƙasarsu. Alkawarin yana nan daram, amma Matiyu bai yi saurin miƙa shi ba, ya bar Rahila ta yi kukanta tukuna. Mu ne masu gaggawa. Kafin a share ƙasar kabari daga takalma mun fara cewa ya isa haka.

Akwai wata tambaya da ba ki rubuta ba, amma na san tana nan, don duk uwar da ta ji labarin nan da zuciyarta sai ta yi ta: me ya sa aka gargaɗi Yusufu a mafarki ya gudu da nasa yaron zuwa Masar, sauran iyayen kuwa babu wanda ya tashe su? Ba ni da amsar da za ta rufe bakin wannan tambaya, kuma duk wanda ya ce miki yana da ita, ki yi hankali da shi. Abin da na sani shi ne, yaron da aka gudu da shi daren nan ba tsira ya yi ba, jinkiri aka yi masa. Bayan shekara talatin da 'yan kai uwarsa ta tsaya a gindin gicciye tana kallo yana mutuwa, kuma a ranar ba a aiko mala'ika ba. An ma riga an faɗa mata tun yana da kwana 40. Suka kai shi Haikali a Urushalima da hadayar talakawa, 'yan kurciya biyu ko 'yan tattabara, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya yarje wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Tsoho Saminu ya karɓi jaririn a hannunsa, ya yabi Allah, ya sa musu albarka, sannan ya juya ga Maryamu ya ce takobi zai soki zuciyarta. A bakin mutum ɗaya, a tsayuwa ɗaya, albarka da takobi. Allahn da kike fushi da shi, shi ma ya ga gawar Ɗansa. Ban ce wannan ya bayyana mutuwar ɗanki ba. Na ce dai ba da wanda bai san abin ba kike magana.

Yanzu maganar maigidanki. Ayar da yake nufi tana 1 Tasalonikawa 4:13, kuma ba ta hana baƙin ciki ba. Cewa ta yi kada mu yi shi irin na waɗanda ba su da bege. Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi kafin rana ta faɗi. Luther da muke amsa sunansa ya binne 'ya'ya mata biyu. Ta farko ba ta cika shekara ba, ta biyun kuma, Magdalena, ta rasu a hannunsa a 1542 tana da shekara 13. Ya rubuta wa wani abokinsa cewa shi da matarsa Katarina sun san ya kamata su yi godiya don yarinyar ta huta, amma ƙaunar iyaye ta fi ƙarfinsu, ba sa iya godiyar sai da kuka da nishi. Mutumin da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Jamusanci ke nan. Ke kuma 'yar Numan ce, kin san sunan Likita Bronnum, ɗan ƙasar Denmak da ya iso Numan a 1913, wanda ikilisiyarmu ta samo asali daga aikinsa. Ba kowa ne ya san cewa matarsa ta rasu a Rumasha bayan haihuwa, a wannan shekarar, kafin su kai Numan ba. Aka mayar da jaririn Turai, shi kuma ya ƙarasa tafiyar shi kaɗai. Mai makoki ne ya kafa harsashin cocin da kike jin kunyar shiga da hawaye.

Amma kada ki ɗauki waɗannan ki je ki jefi maigidanki da su. Shi ma ɗansa ne ya mutu. Mazanmu tun suna yara ake ce musu namiji ba ya kuka, sai su haɗiye, abin ya zama faɗa ko shiru ko daɗewa a waje. Ina kyautata zaton ranar da kika fita, shi ma yana zaune ne a ɓangarensa yana danne nasa, fitarki kuma ta kusa fasa abin da yake riƙewa, shi ya kira shi kunya. Maganar ba daidai ba ce, kuma ya kamata ya san ta yi miki ciwo. Ki samu dare bayan yara sun yi barci, ba lokacin da ya shigo a gajiye ba, ki ce masa: Baban yara, ban fita don in kunyata ka ba, na kasa ne. Kai yaya kake yi da naka? Wataƙila ya yi shiru ya juya baya. Ki bar shi, kin dai buɗe ƙofa. In ya ci gaba da maganar rashin bangaskiya, ku tafi wurin fasto tare, ko wani dattijon ikilisiya da yake jin nauyinsa.

Maganar yayarsa kuwa gajeriya ce: kada ki je. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma na ga ƙarshen irin wannan tafiya. Za ki biya kuɗi, a ce miki wata tsohuwa ce a dangi, ko maƙwabciya, wani lokaci ma a nuna yaro ƙarami a gidan. Ki dawo da rashin ɗa, ki ƙara da rashin zumunci, kuma kabarin bai buɗe ba. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta hana mu neman masu duba, ko da sun rataya gicciye a wuya. Zazzaɓi na kashe yara a ƙasar nan ba tare da hannun kowa ba. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan mutuwa ta zazzaɓin cizon sauro, kuma yakan tsananta wa yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. In kina son sanin abin da ya faru da ɗanki, likitan da ya duba shi ne wurin tambaya. Kuma ba ke za ki ba Yaya amsa ba, ƙaninta ne zai ce mata sun gode, gidansa ba ya bin wannan hanya.

To, Jibin Ubangiji. Ki tuna ajin tabbatarwa, lokacin da aka sa ku haddace Ƙaramin Katekisim da Luther ya rubuta a 1529. Akwai tambayar wane ne ya cancanci cin jibin. Amsar ta ce azumi da shirya jiki horo ne mai kyau, amma wanda ya cancanta da gaske shi ne mai gaskata kalmomin nan, cewa dominku aka bayar, dominku aka zubar, don gafarar zunubai. Ba a ce mai farin ciki ba. Ba a ce wanda ya gama shiryawa da Allah a zuciyarsa ba. A cikin littafin nan dai, wajen bayanin Ruhu Mai Tsarki, mun haddace cewa ba da hankalinmu ko ƙarfinmu muke iya gaskata Yesu ko zuwa wurinsa ba, Ruhu ne yake kiranmu ta wurin bishara. Wannan shi ne abin da na fi ƙauna a koyarwarmu, kuma a irin wannan rana ne amfaninsa yake fitowa: bangaskiyarki ba ta rataya a kan abin da kike ji ba, ta rataya a kan abin da aka yi miki alkawari. Ai marar lafiya ba ya cewa bari in warke tukuna sannan in je asibiti. Macen da ba ta damu da Allah ba ba za ta zauna ta rubuto tana tambaya ko za a karɓe ta a teburinsa ba.

Fushin kuma, ki faɗa masa shi kai tsaye. Zabura 13 da tambayar har yaushe ta fara, har sau huɗu. Zabura 88 ta fi ta zafi, ta ƙare ba tare da yabo ba, a cikin duhu, kuma ba a cire ta daga Littafi ba. Fushin da ake kai wa gaban Allah addu'a ne. Wanda nake tsoro shi ne wanda ake juya baya da shi a daina magana. A farkon sujada, lokacin furta zunubi, ki ajiye duk abin da yake cikinki, wanda kika tabbata laifi ne da wanda ba ki tabbata ba, ki saurari shelar gafara, ki tashi ki bi layi. A tsarin sujadar Lutheran a ƙasashe da yawa, waƙar da ake yi bayan jibi ita ce ta Saminun nan, inda yake roƙon Ubangiji ya sallami bawansa lafiya tunda idonsa ya ga ceto. Maganar mai shirin mutuwa ce, aka sa ta a bakin jama'a duka, domin a teburin nan muna tsaye ne tare da waɗanda suka riga mu. Kun kai ɗanki aka yi masa baftisma kamar yadda muke yi wa jariranmu, aka kira sunansa, aka sa masa sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Bai yi komai ba ranar, wataƙila ma kuka ya yi da ruwan ya taɓa shi. Alkawarin na Allah ne, zazzaɓi kuma bai isa ya warware shi ba.

Kafin Lahadin, ki je ki ga fasto, ko ki aika ya zo. Ki faɗa masa abin da kika faɗa mini. Ki nemi wata daga Zumuntar Mata, wadda ta taɓa binne nata, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ta biyo ta gidanku ku tafi tare. Ku zauna a baya kusa da ƙofa. In abin ya taso, ki fita ki sha iska ki dawo. In ba ki iya waƙa ba, ki riƙe littafin ki yi shiru, sauran za su rera a madadinki, amfanin taron ke nan.

Game da addu'ar da ta ƙi fita, kada ki ɗora wa kanki azumi da kwanan coci. A 1535 wanzamin Luther ya tambaye shi yadda ake addu'a, ya rubuta masa cewa shi ma idan zuciyarsa ta yi sanyi, yakan ɗauki Zabura ya shiga ɗaki, ya faɗi Dokoki Goma da Shaidar Bangaskiya kalma-kalma kamar yadda yara suke yi, har zuciyar ta fara ɗumi. Ke ma ki yi na yara. Da dare ki tara 'yan matan nan a kan tabarma, ku faɗi Addu'ar Ubangiji tare, ko da bakinki ne kawai yake motsi. Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana yi mana roƙo da nishin da ba ya faɗuwa, saboda haka ba a bar ki ke kaɗai da aikin ba. Karatu kuma aya biyu ko uku sun isa, ki bi sawun lokacin: Luka 2:21 inda aka raɗa wa Yesu suna a rana ta takwas, zuwan masana taurari, baftismarsa a Kogin Urdun, bikin Kana inda ruwan inabi ya ƙare uwarsa ta je ta faɗa masa a taƙaice ba su da shi, har zuwa 2 ga Fabrairu, ranar kai shi Haikali. A nan za ki haɗu da Hannatu, gwauruwar da ta yi shekara 7 kacal da mijinta, ta tsufa a Haikali ba ta rabuwa da shi. Ba a ce mana ta manta ba.

Ki bar yaran su ambaci sunan ɗan'uwansu a gida. Su ma sun yi rashi, kuma yara kan ɗauka in an daina faɗin suna, laifi ne a tuna. Kayan da ke cikin leda kuma ba su da wa'adi. Kada ki bari kowa ya ɗauke su a bayan idonki da sunan taimako. Wata rana za ki san ko ajiyewa za ki yi ko ba wani yaro.

Abu ɗaya ne ba na so ki yi wa jinkiri. In makonni suka wuce ba kya barci, abinci ba ya shiga, ba kya iya kula da yaran, ko kuma tunanin bin ɗanki ya fara zuwar miki, ki faɗa wa maigidanki ko fasto a ranar, ku je wurin likita. Ga Asibitin Koyarwa na Tarayya nan a cikin garin Gombe. Baƙin ciki kan rikiɗe ya zama ciwon da ake yi wa magani, kuma shan maganin bai rage komai daga addu'a ba. Ki sake rubuto mini bayan kun ci jibin, ina so in ji yadda kuka yi da maigidan, da kuma ko Yaya ta bar maganar.